Neman shawara: salon faɗan hannu da na ƙirƙira wa 'yan zuhudu ya fi ƙarfin teburina

Mai Jan Wasa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a wasan tebur na labari da jifan dayis mai suna Dungeons & Dragons. Ni nake jan wasa ga mutum 4 duk Asabar bayan la'asar, a zauren gidanmu a Zariya: ƙanwata, da ƙanina, da abokaina biyu tun na sakandare. Dokokin 2014 muke bi, su ne a hannunmu.

Ƙanwata ce ta ɗauki ajin da littafin ya kira Monk, mai faɗa da hannu da ƙafa, ba sulke ba garkuwa. Mu ɗan zuhudu muke ce masa. Da ta kai mataki na 3, inda ake zaɓar tafarki, ta karanta ukun da ke cikin littafin, na buɗaɗɗen tafi, da na inuwa, da na masu sarrafa wuta da ruwa da iska da ƙasa. Sai ta ture littafin ta ce, "Yaya, duk waɗannan 'yan fim ɗin Chana ne. Kande ba a kan dutse mai hazo ta girma ba." Kande sunan jarumarta ke nan. Kuma gaskiya ta faɗa, don duniyar da na gina mana hamada ce.

Hanyar ayari ce ta kwana 40 a kan raƙumi, rijiyoyi 7 ne kacal a kanta. Kowace rijiya da gidan ƙasa a gefenta, inda masu tsaronta suke zaune, sun bar dangi sun bar dukiya. Alwashinsu biyu ne: ba sa hana kowa ruwa ko da ɗan fashi ne, kuma ba sa zub da jini a duk inda kunne zai iya jin ƙarar guga. Daga asuba zuwa faɗuwar rana jan ruwa suke yi. Igiyar guga idan ta tsufa ba sa yar da ita, a hannun hagu suke naɗe ta. Hannun dama kuwa ba a taɓa dunƙule shi, don da shi ake miƙa wa baƙo ƙwarya. Na sa wa salon nasu suna Igiya da Tafi. Ba zan ɓoye ba, daga dambe na ɗauko siffar: hannu ɗaya a naɗe yana jira a baya, ɗaya a buɗe a gaba.

Dokoki biyu na rubuta mata a mataki na 3. Ta farko, Tafi: ƙarin 2 a makin kariya, kullum. Ta biyu, Igiya: ta biya makin Ki guda, wanda mu muke kira numfashi, idan bugunta ya shiga sai ta ƙara ɓarnar 3d10, wato jifa uku na dayis mai fuska 10, kuma wanda ta buga ya faɗi ƙasa nan take, ba jifan tsira, wato jifan dayis da mutum yake yi don ya kauce wa illa.

Asabar ɗin da ta wuce na fito musu da shugaban 'yan fashin da na yi mako biyu ina shirya shi. Na ɗauko shi ne daga littafin dodanni, kariyarsa 15, jininsa, kamar yadda 'yan gem suke faɗa, 65. Na tsara zai riƙe su zagaye biyar ko shida, ya yi magana a tsakiyar faɗan, ya tona asirin wanda ya aiko shi. Zagaye biyu ya yi. Kande ta buge shi ya faɗi, sauran suka rufe shi yana ƙasa, ya miƙe ta sake bugunsa, shi ke nan. Ƙanwata har tsalle ta yi don murna. Amma da aka watse, abokina mai wasa da mayaƙi mai takobi da sulke ya tsaya a ƙofar zaure ya ce mini, "To ni meye amfanina a ayarin nan?" A hankali ya faɗa, kuma maganar ba ta bar ni ba har yau.

Tambayata uku ce. Yaya zan rage wa salon ƙarfi ba tare da na kashe abin da ya sa muke son sa ba, wato bugu ɗaya da ake jira? Me zan ba ta a mataki na 6 da na 11 da na 17? Sannan alwashin nan, in sa shi cikin doka ko in bar shi a labari? Ba na so ƙanwata ta ji kamar hukunta ta na yi don ta yi nasara.

Mai Lissafi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Labarin rijiyoyin nan ya yi kyau ƙwarai, a wajen farashi ne aka samu matsala. Bari mu ƙirga.

A mataki na 3 bugun hannun ɗan zuhudu d4 ne, a ƙara masa makin zafin nama, a ce 3. Matsakaicinsa 5.5 ke nan. Ba tare da ya biya komai ba yana bugu biyu: ɗaya na ainihin motsinsa, ɗaya na ƙarin motsin nan da mu a teburinmu muke kira gyara. Idan ya biya numfashi guda ya yi ruwan naushi, bugu uku zai yi. Ka ga abin da numfashi guda yake saya a littafi bugu ɗaya ne, 5.5. Kai kuma ka sayar mata da 3d10, wanda matsakaicinsa 16.5 ne, a farashi ɗaya. Ninki uku. Ka kuma ɗora mata kayarwa kyauta, alhali ko tafarkin buɗaɗɗen tafi, wanda shi ne gwanin kayarwa, sai abokin gaba ya faɗi jifan tsira kafin ya kai ƙasa. Kuma wanda ya faɗi, duk mai bugunsa daga kusa jifa biyu zai yi ya ɗauki babba. Abin da ya cinye maka shugaban 'yan fashi ke nan.

Ƙarin 2 na dindindin shi ma garkuwa ce ka ba ta, ita ce kuma aka haramta wa ajin. Akwai tafarkin Kensei a littafin ƙari na 2017 da yake ba da ƙarin 2 ɗin, amma da sharaɗi, kuma zagaye ɗaya yake yi.

Ga abin da zan yi in ni ne kai. Ka raba salon zagaye biyu. A zagayen farko ta yi faɗa yadda kowane ɗan zuhudu yake yi, amma idan ta kai wa wani bugu da buɗaɗɗen tafinta, ta auna shi ke nan, kuma ta sami ƙarin 2 ɗin har layi ya sake zuwa kanta. A zagaye na biyu, a kan wanda ta auna kaɗai, za ta iya sakin Igiya: numfashi guda, kuma ya cinye motsinta da gyaranta gaba ɗaya. Bugu ɗaya tak, jifa biyu ta ɗauki babba. Ɓarnarsa, ka haɗa duk bugun da za ta yi da a ce ruwan naushi ta zaɓa, ka cire makin zafin nama na bugu guda. A mataki na 3, 3d4 da ƙarin 6 ke nan. A zagayen da ta saki Igiya babu ƙarin kariya, ta buɗe jikinta.

Duba yadda ya fito a kan mai kariya 15. Tana da ƙarin 5 a jifa, sai ta sami 10 ko sama, wato 55 cikin 100. Bugu uku na 5.5 a hakan suna ba da kusan 9 a zagaye. Jifa biyu yana kai damarta kusan 80 cikin 100, a kan 13.5, kusan 11 ke nan. Ta ɗan fi ruwan naushi, kuma ta cancanta, don sai da ta jira. Sau ɗaya cikin biyar kuma za ta tashi a tutar babu, ga numfashi ya tafi.

Kayarwar ka mayar da ita jifan tsira na ƙarfi, a kan lambar da littafi ya riga ya ba ta: 8 da makin ƙwarewa da makin basira, wajen 12 a yanzu. Ka hana ta aiki a kan abin da ya fi ta girma da fiye da daraja ɗaya, kamar dokar ture mutum.

Abu ɗaya ka sa ido a kai idan ta kai mataki na 5. A nan take samun bugun da ke sandarar da mutum, kuma wanda ya sandare ba ya cin jifan tsira na ƙarfi ko na zafin nama, faɗuwa yake yi kai tsaye. Kada ka tsorata da wannan. Mai ruwan naushi yana da damar gwada sandararwa sau huɗu a zagaye, ita sau ɗaya take da shi idan ta saki Igiya.

Ɗan Rundawa ya rubuta:

Ƙanena, lissafi na bar wa masu lissafi. Ni a kan damben zan yi magana, don mahaifina mahauci ne, kuma tun ina riƙe da gefen rigarsa nake shiga gidan dambe. Dambe wasan gidanmu ne, kowa ya san na rundawa ne tun asali, da kaka ake fita da shi gari gari bayan an kai amfani gida.

Abin da ka ɗauka daidai ne amma rabi ka ɗauka. Mai kallo daga nesa hannun da aka naɗe da zare yake gani. Wanda ya san wasan, hannun gaba yake kallo, da ƙafafu. Hannun gaba shi ne ido. Da shi ake auna nisa, da shi ake tare fuska, da shi ake dafa kan mutum a karkatar da shi, da shi ake ruɗar sa ya zaci bugu na zuwa ya saki nasa a banza. Za ka ga 'yan dambe biyu sun daɗe suna zagaya juna, sun tanƙwara gwiwa, tafi na taɓa tafi, ba wanda ya saki hannu, 'yan kallo na ihu, kalangu na tashi. Wanda bai sani ba sai ya ce ba a fara ba. An fara tuntuni. Don haka shawarar Mai Lissafi ta a auna kafin a saki, ko bai taɓa shiga fili ba ya faɗi gaskiyar dambe. Kuma ana shuri da ƙafa, kada ka hana Kande wannan.

Na biyu, kisa. A dambe idan an ce an yi kisa ba rai aka ɗauka ba. Mutum ya kai ƙasa, ko hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, ya tashi ya karkaɗe jikinsa. Turmi uku ake yi, in ba wanda ya faɗi a ce turmi uku babu kisa, a raba su. Ga amsar alwashinka nan a shimfiɗe. Mutanen da suka rantse ba za su zub da jini kusa da ruwa ba, dole su kasance da wata hanyar raba gardama a bakin rijiya. Ayari biyu sun iso lokaci ɗaya, raƙuma na kuka, wa zai fara sha? Kowane ayari ya fitar da mutum guda, mai tsaron rijiya ya shata da'ira a yashi, turmi uku. Wanda ya taɓa ƙasa ya jira. Ɗan fashin da ya zo da takobi ma a ce masa ya ajiye ya shiga da'ira da mai tsaro, in ya ci ya sha ya wuce, in an kayar da shi ya sha ya koma inda ya fito. Ko ta yaya zai sha, tunda ba sa hana ruwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ka naɗe musu hagu. Dalilinka na ƙwarya dalili ne mai kyau, ba a miƙa wa baƙo abu da hagu. Amma ka kuma sani bahago abin shakka ne a fili, don yawancin 'yan wasa sun saba da bugu daga ɓangare guda, shi kuma ta ɗayan yake zuwa. Shi ya sa za ka ji sunan Bahago ya yi yawa a gidajen dambe, ana alfahari da shi. Gida guda cike da bahagwai, ai duk hamadar za ta san da su.

Sunaye ma ka ɗauka. A dambe yaro da sunan ubangidansa ake kiran sa, Shagon wane. Idan shi ma ya yi yaro sai ka ji Shagon Shagon wane. Sunan mutum na ɗauke da tarihin wanda ya naɗa masa hannu. Kuma akwai ɓangarori, Kudu da Arewa da Guramaɗa, kowa da nasa. Rijiyoyinka 7 za su iya zama haka, kowace da irin tsayuwarta.

Inda nake so ka yi hankali shi ne nan. Ɗan dambe mutum ne mai kirari. Yana shiga fili yana kiran kansa da sunaye, makaɗi na zuga shi, jiki na tsuma. Wannan tsumar ita ce rabin ƙarfinsa. Mutanenka kuwa sun bar duniya, ba su da makaɗi, ba su da abin yi wa kirari. To me ke tsuma su? In ba ka amsa wannan ba, ɗan dambe ne kawai ka cire masa kalangu, kuma wannan ba zai yi armashi ba.

Mai Jan Wasa ya rubuta:

Na gode, Yaya. Tambayarka ta ƙarshe na kwana da ita. Abin da ya zo mini shi ne jan ruwan kansa. Mai jan guga daga rijiya mai zurfi da numfashi yake ja, hannu bayan hannu, in ya yi gaggawa igiya ta ƙwace. Sai na ce su kafin faɗa shiru suke yi, suna ƙirga jan hannu a zuci, adadin da ke fito da guga daga rijiyar gidansu. Kowace rijiya da zurfinta, ka ga kowane gida da tsawon jiransa. Na rijiya ta farko masu saurin saki ne, na ta bakwai sai ka gaji da jiran su. Kuma ya dace da sunan numfashi da muka riga muka sa wa makin. Littafi ya ce sai an yi minti 30 ana natsuwa a lokacin hutu kafin makin ya dawo. Na Kande natsuwar ita ce ta warware igiyar ta sake naɗe ta.

Mai Lissafi, na kwafe dokarka yadda ka rubuta. Saura yadda zan gaya wa mai ita.

Uwar Ayari ta rubuta:

Malam, ni 'yar wasa ce ba mai ja ba, kuma an taɓa rage wa jarumata ƙarfi a tsakiyar tafiya, don haka daga kujerar ƙanwarka zan yi magana. Abin da ya yi mini zafi a lokacin ba ragin ba ne. Zuwa na yi na tarar an canza takardata ba a tambaye ni ba. Ka same ta kafin Asabar, ku biyu, ka nuna mata lissafin 5.5 da 16.5, ka ce kai ka yi kuskuren rubutu. Ka gaya mata abin da abokinka ya ce a ƙofar zaure in ya yarda. Sannan ka ba ta alƙalami ta sa hannu a sabuwar dokar. A cikin labari kuma akwai hanya mai sauƙi: igiyar da ta yi faɗa da ita ta malaminta ce, ya ba ta aro, ta tsinke a kan shugaban 'yan fashi. Yanzu sai ta naɗa tata, wadda ba ta daɗe a rijiya ba. Nasararta ta Asabar ta zauna yadda take, har ta zama abin tunawa.

Ƙanwarka ta gane wani abu da gaske game da fim ɗin Chana. Ajin nan ya fara fitowa ne a 1975, shekara ɗaya bayan wasan kansa, a ƙaramin littafin ƙari mai suna Blackmoor, lokacin da finafinan kung fu suke tashe a Amurka. Hoton da ke bayansa na gidan ibadar Shaolin ne, a lardin Henan na ƙasar Sin, wanda aka kafa a ƙarshen ƙarni na 5 kuma mabiya addinin Buda ne suke zaune cikinsa har yau. To mutane ne na gaske da addininsu. Shi ya sa na ji daɗi da ka ba naka sana'a da alwashi na kansu, ba ka ɗauko rigar wasu ka yafa musu ba. Haka nan zan roƙe ka kada ka kira su sufaye, kada ka kira gidansu zawiya. Waɗannan kalmomi suna da masu su a unguwanninmu, wasu iyayenmu ne. Ɗan zuhudu ya wadatar a takarda, a bakin mutanen hamada kuma ai masu guga za a riƙa ce musu.

Akwai wata tsohuwar doka da za ta yi maka amfani. A bugun 1978, ɗan zuhudu ba ya hawa manyan matakai da tara maki kaɗai. Kujerun ƙidayayyu ne, uku a mataki na 8, daga nan sama guda guda har mataki na 17. In kana so ka hau sai ka nemo mai riƙe da kujerar ka yi faɗa da shi ka ci. An daina wannan a bugun da suka biyo baya, amma kai da kake da rijiya 7 da mai tsaro 7 da turmi uku na Ɗan Rundawa, ai an gama maka aiki. Kada dai ka tsayar da matakinta a kan haka, don sauran 'yan tebur za su wuce ta. Ka sa abin da take samu a 6 da 11 da 17 ya zama sai ta je wata rijiya ta karɓa.

Alwashi kuma, ra'ayina ka bar yawancinsa a labari. Dokar wasa ta riga ta ce duk wanda ya ƙarar da jinin abokin gaba da bugun kusa yana iya zaɓar ya sumar da shi maimakon ya kashe. Kande ta riƙa zaɓar haka. Ranar da ta karya, kada ka ƙwace mata iko. Ka sa labari ya riga ta isa rijiya ta gaba, a ba ta ruwa kamar kowa, amma ba wanda zai kira ta da sunan gidansu. Kuma ka lura alwashin yana da iyaka, inda kunne ke jin guga. Bayan nan fa? Tsakanin rijiya da rijiya kwana biyar ne ko shida na fili, da kuraye da 'yan fashi da duk abin da ka zuba a ciki. Wannan filin na abokinka ne mai takobi. Ka sa madugun ayari ya ɗauke shi aiki da sunansa, ka sa masu guga su ce masa su rijiya suke tsaro, hanya tasa ce.

Na Maraɗi ya rubuta:

Sannunku da hira. Ni daga Nijar nake, mu nan kokowa ce tamu, tun 1975 ake gasar takobi ta ƙasa, a Tawa aka fara ta. Ɗan'uwa, tunda kayarwa ce zuciyar salonka, kada ka manta da kamu. A dokar 2014 wanda aka riƙe ba ya da tafiya ko taku ɗaya, tashi daga ƙasa kuma rabin tafiya yake ci. Wanda aka kayar aka kuma riƙe, ba ya tashi sai ya ƙwace. Matsalar ita ce kamu da makin ƙarfi ake yin sa, ɗan zuhudu kuma zafin nama gare shi. A gyaran da aka fitar a 2024 an ba shi damar kamu da turewa da zafin nama, an kuma ɗaga bugunsa na farko daga d4 zuwa d6. Ka ɗauko na kamun kaɗai ka ba ta a mataki na 11, da hannun dama, ya zama darasin wata rijiya da mutanenta 'yan kokowa ne. Riƙe mutum har ya huce ya fi dacewa da masu ba da ruwa.

Mai Jan Wasa ya rubuta:

Na dawo da labari. Na sami ƙanwata ranar Alhamis da dare kamar yadda Uwar Ayari ta ce. Ta yi shiru da ta ga lissafin, sannan ta ce ita ma ta lura abokina bai yi magana ba a ƙarshen wasan. Sharaɗi ɗaya ta kafa: igiyar malaminta da ta tsinke ba za a yar ba, za ta ɗaura guntun a wuya. Na ce ya yi.

Jiya suka isa rijiya ta biyu. Mai tsaronta tsohuwa ce, na ba ta jira mai tsawo. Aka shata da'ira. Turmin farko Kande ta auna, ta saki Igiya, ta jefa d20 biyu, 3 da 6. Duka suka zube. Zauren ya yi tsit, ƙanina har ya dafe kai. Tsohuwar ta dafa mata kai da tafi ta tura, Kande ta ci jifan tsira da ƙyar. Turmi na biyu ƙanwata ta ƙi saki sam, zagaye uku tana aunawa tana riƙe da ƙarin kariyarta, tana ƙirgawa a fili da bakinta, mu duka muna jin ta. Turmi na uku ta saki, 17, tsohuwar ta faɗi jifan tsira, gwiwarta ta taɓa yashi. Abokina mai takobi shi ya fara tafi. Kafin nan kuma shi ya riƙe bayan ayari shi kaɗai a wani kwazazzabo, kuraye huɗu, ya fito da jini 4.

Na ɗauki kamun Na Maraɗi na mataki na 11. Na 17 na ajiye shi tukuna, da sauran tafiya. Na 6 nake so in gama. Buɗaɗɗen tafi a wannan mataki yana warkar da kansa da ninki uku na matakinsa, sau ɗaya kafin dogon hutu, 18 ke nan. Ni so nake Kande ta kasa yi wa kanta, sai dai ta miƙa wa wani ƙwarya da hannun dama ya sha ya warke. Mai Lissafi, 18 ɗin ya yi yawa in ga wani za shi?

Mai Lissafi ya rubuta:

Bai yi yawa ba. Jarumin rantsuwa mai warkarwa da ɗora hannu yana da ninki biyar na matakinsa, 30 a mataki na 6, kuma yana rarraba shi yadda ya so. Ka bar mata 18, a sha ɗaya, ya ci mata cikakken motsi. In wanda za ta ba ya suma, ta ɗaga kansa ta zuba masa, ya halatta. Ruwan dai ya zama na ɗaya daga rijiyoyin 7, wanda ta ɗebo da hannunta ta zuba a salka, kuma ka rubuta a takardarta ƙwarya nawa salkar take ɗauka kafin su bar rijiya ta biyu.